Yadda Ake Sauya Asusun Ajiya Marar Haraji a Birtaniya Ba Tare da Asara Ba

Mai karatu, wannan bayani ya shafi wani irin asusun ajiya na ƙasar Birtaniya wanda ake kira ISA. Idan kana zaune a can, ko kana da ɗa ko ƙane da yake karatu ko aiki a can yana tara ɗan abin da ya samu, akwai ƙa'ida guda da ya wajaba ka sani. Duk wanda yake so ya mayar da ajiyarsa wani banki, kada ya fitar da kuɗin da hannunsa. Sabon bankin ne zai karɓo masa su daga tsohon. Wanda ya saɓa wa wannan ƙa'ida yana iya rasa sassaucin harajin da ya yi shekaru yana tarawa.

Mene ne asusun ISA?

Gwamnatin Birtaniya ta ƙirƙiro shi ranar 6 ga Afrilu 1999, zamanin da Gordon Brown yake ministan kuɗi, domin ta ƙarfafa wa jama'a gwiwar yin tanadi. Ya maye gurbin wasu tsare-tsare biyu da suka gabace shi, wato PEP da TESSA. Amfaninsa shi ne, duk abin da ajiyarka ta haifar a cikinsa naka ne gaba ɗaya, hukuma ba ta cire haraji a kai.

Sai dai akwai iyakar abin da mutum zai zuba kowace shekara. Da farko fam 7,000 ne, kuma fam 3,000 kaɗai daga ciki ake yarda a ajiye a matsayin tsabar kuɗi. A watan Yuli 2014 aka ɗaga iyakar zuwa fam 15,000, sannan a Afrilu 2017 ta kai fam 20,000. Shekarar haraji a can tana farawa 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilu na shekara mai zuwa. Wanda bai cika rabonsa na bana ba, ba a ɗaga masa ragowar zuwa baɗi.

Akwai ISA iri-iri, amma wanda muke magana a kansa shi ne na tsabar kuɗi, wanda ba a sayen hannun jari da shi. Mazaunin Birtaniya ne kawai yake iya buɗe shi, kuma tun Afrilu 2024 sai wanda ya kai shekara 18. Wanda ya bar ƙasar ya koma gida yana iya riƙe asusunsa, yana kuma iya mayar da shi wani banki, amma ba ya da damar zuba sababbin kuɗi.

Me ya sa ake sauya banki?

Bankuna sukan jawo sababbin masu ajiya da ƙarin kuɗin ruwa na ɗan lokaci, galibi wata 12. Idan wa'adin ya cika sai ƙarin ya faɗi, mai ajiya kuwa yana can yana tsammanin kome na nan yadda yake. Haka ma asusun da aka ƙulle na shekara ɗaya ko biyu: idan lokacinsa ya ƙare mai shi bai ce kome ba, akan mayar da kuɗin wani asusu mai ƙarancin amfani.

Ban da wannan, Babban Bankin Ingila yana ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa yana kuma sauke shi. A watan Maris 2009 ya sauke shi zuwa kashi 0.5 cikin 100, a Maris 2020 zuwa kashi 0.1, sannan a Agusta 2023 ya kai kashi 5.25. Idan ma'aunin ya hau, ba kowane banki ne yake gaggawar ƙara wa tsofaffin masu ajiyarsa ba.

Ga misali domin lissafi. A ce kana da fam 10,000 a asusun da yake ba ka kashi 4.5 cikin 100. A shekara za ka samu fam 450. Idan aka sauke shi zuwa kashi 1.5, fam 150 kawai za ka samu. Ka yi asarar fam 300 ke nan ba tare da kowa ya taɓa aljihunka ba. In kuwa tsadar kaya ta wuce abin da ajiyar take haifarwa, kuɗin suna nan a rubuce amma abin da za su saya yana raguwa.

Haɗarin fitar da kuɗi da kanka

Sassaucin haraji yana bin kuɗin ne muddin suna cikin ISA. Da zarar ka fitar da su zuwa asusunka na yau da kullum, sun zama kuɗi kamar kowane. Idan ka so mayar da su, za a lissafa su cikin rabonka na wannan shekara.

A ce ka tara fam 30,000 cikin shekara biyar, ka rufe asusun ka karɓi kuɗinka domin ka kai wani banki. Fam 20,000 kaɗai za ka iya zubawa a bana, ka kuma cinye rabonka na shekarar duka. Sauran fam 10,000 za su tsaya a waje har sai 6 ga Afrilu ta zagayo. Amma da sabon banki ne ya karɓo su ta hanyar da doka ta tanada, da duka fam 30,000 sun wuce, rabonka na bana kuma yana nan ba a taɓa shi ba.

Tun Afrilu 2016 akwai wasu asusun da suke ba mutum damar fitar da kuɗi ya mayar da su cikin shekarar haraji guda ba tare da an rage rabonsa ba. Ba kowane banki ne yake ba da wannan dama ba, don haka ka tambaya tukuna.

Matakan da za ka bi

1. Ka duba takardar bankinka ta ƙarshe, ka ga kashi nawa ake ba ka yanzu, da ranar da wa'adin ƙarin zai cika. Ka rubuta ranar a inda ba za ka manta ba.
2. Ka gwama da abin da wasu bankuna suke bayarwa, ka kuma tabbatar cewa asusun da ka zaɓa yana karɓar kuɗin da aka taso da su daga wani ISA. Doka ba ta tilasta wa banki ya karɓa ba.
3. Ka buɗe sabon asusun, ka cike takardar neman a taso da ajiya. A wurin sabon banki ake cike ta, da hannu ko ta intanet.
4. Ka bayyana ko duka kuɗin kake so a taso ko wani kashi. Tun Afrilu 2024 doka ta yarda a taso da wani kashi ko da na kuɗin da aka zuba a bana ne.
5. Ka jira. Tsakanin asusun tsabar kuɗi biyu, bai kamata aikin ya wuce ranakun aiki 15 ba. A da yakan kai 23, sai a 2010 aka rage bayan ƙarar da hukumar kare masu saye ta Consumer Focus ta shigar.
6. Idan an wuce wa'adi, ka kai kuka ga bankin a rubuce. In bai share maka hawaye ba, akwai ofishin sasanta masu ajiya da bankuna, kuma ba a biyan kome.

Abubuwan lura kafin ka sa hannu

Na farko shi ne tara. Idan asusunka ƙullalle ne kuma wa'adinsa bai cika ba, akan cire maka kuɗin ruwan wasu kwanaki. A ce fam 10,000 ne a kan kashi 4, tarar kuwa ta kwana 180. Za a cire maka kimanin fam 197. Idan sabon banki kashi 4.5 yake bayarwa, ƙarin da za ka samu a shekara fam 50 ne kawai. A nan haƙuri har wa'adi ya cika shi ne riba.

Na biyu shi ne tsaron kuɗin. Idan banki ya karye, tsarin FSCS yana biyan mai ajiya har fam 120,000 a kowane banki mai lasisi, tun daga 1 ga Disamba 2025. Kafin nan fam 85,000 ne. Ka lura cewa wasu bankuna masu suna daban-daban lasisi ɗaya suke amfani da shi, kuma iyakar tana bin lasisi ne.

Na uku, ka auna ko sassaucin yana yi maka amfani. Tun 2016, mai biyan harajin kashi 20 yana iya samun kuɗin ruwa har fam 1,000 a shekara a asusun yau da kullum ba tare da haraji ba, mai biyan kashi 40 kuma fam 500. Mai ƙaramar ajiya wani lokaci yakan fi samu a wajen ISA. Amma ajiya tana girma, kuma rabon shekarar da ya wuce ba ya dawowa.

Na huɗu, dokar tana canzawa. A watan Nuwamba 2025 gwamnati ta sanar cewa daga Afrilu 2027, wanda bai kai shekara 65 ba fam 12,000 kaɗai zai iya zubawa a ISA na tsabar kuɗi kowace shekara. Wannan ya ƙara wa tsohuwar ajiya daraja, domin abin da aka fitar bisa kuskure zai fi wuyar mayarwa.

Ga wanda ba ya karɓar kuɗin ruwa

Musulmi da yawa ba sa karɓar kuɗin ruwa saboda hanin addini. A Birtaniya akwai bankunan Musulunci, irin su Al Rayan da Gatehouse, waɗanda suka fito da ISA bisa tsarin shari'a. Suna juya kuɗin a harkokin halal, su faɗa wa mai ajiya ribar da ake sa ran samu. Ƙa'idar sauyawa ɗaya ce: sabon banki ne zai karɓo kuɗin.

Kada a gwama shi da na Faransa

Masu ƴan'uwa a Faransa sun fi sanin asusun Livret A, wanda aka kafa a 1818, shi ma ba a cire masa haraji. Bambancin shi ne, a can gwamnati ce take yanke kashin da ake bayarwa, kuma ɗaya ne a kowane banki. Saboda haka sauya banki ba ya ƙara wa mai shi kome. A Birtaniya kuwa kowane banki shi yake yanke nasa, shi ya sa sa ido ya zama aikin mai ajiya.

Saboda haka, mai karatu, ka ware rana ɗaya a shekara, musamman kafin 5 ga Afrilu, ka duba abin da ajiyarka take haifarwa. Idan ya ragu, ka lissafa tara, ka lissafa ƙarin da za ka samu, sannan ka yanke shawara. In ka tashi sauyawa, ka fara da cike takarda a sabon banki, ka bar tsohon asusun a buɗe har sai kuɗin sun isa.