Birnin Abinyon, Inda Paparoma Ya Yi Zaman Baƙunci

Wanda ya nufi Abinyon, a kudancin ƙasar Faransa, da irin motar nan mai ɗakin kwana da madafa a cikinta, to, ya san ba za ta kai shi cikin gari ba, don titunan tsohon birni ƙunci gare su. Mu dai a tsibirin Bartalas muka bar tamu, tsakiyar kogin Ron, muka ƙetaro da ƙafa.

Abin da ya fara tare mu shi ne ganuwar dutse, wadda kewayenta ya ɗara mil biyu da rabi. Amma labarinta ba ya fahimtuwa sai an san abin da ya kawo Paparoma garin. Sarkin Faransa Filib na Huɗu ya yi mummunar husuma da Paparoma Bonifas na Takwas a kan harajin malaman coci, har mutanensa suka kama shi a 1303. Da aka naɗa Bafaranshe, Kilemen na Biyar, sai ya ƙi tafiya Roma saboda fitinar da ke can, ya sauka Abinyon a 1309. Garin kuwa a lokacin ba na Sarkin Faransa ba ne, kogi ne iyaka, amma hasumiyar sarki na tsallake tana kallonsa. Ka ga ashe baƙon ya sauka ne inda idon mai ƙarfi ke kansa.

Paparoma bakwai suka zauna nan bi da bi. Benedik na Goma Sha Biyu ya fara ginin fada a 1335, gini mai kauri, ba ado, wanda ya fi kama da sansanin yaƙi. Magajinsa Kilemen na Shida mai son ƙawa ne, ya ƙara wani sashe mai zane-zane. Shi ne kuma ya sayi garin ɗungum a 1348. Sarauniyar Nafoli, Jowana, ana tuhumarta da hannu cikin kisan mijinta, ga ta kuma da bukatar kuɗin yaƙi, sai ta sallama shi a kan tsabar zinariya 80,000. Ciniki ne na mai neman mafita, kuma a shekarar nan annoba ta shiga garin ta yi ɓarna ƙwarai.

Ganuwa kuwa tsoro ya gina ta. Duk sa'ad da aka tsagaita yaƙin Ingila da Faransa, sai sojojin haya su rasa mai biyansu, su koma fashi. Sai da Paparoma Inosen na Shida ya ba su kuɗi suka janye, shi ya sa ya matsa wa aikin ganuwar da aka soma a 1355.

Girigori na Goma Sha Ɗaya ya koma Roma a 1377, amma rigima ba ta ƙare ba, don wasu biyu sun ci gaba da da'awar sarautar daga Abinyon, har na ƙarshensu ya sulale daga fada a 1403. Garin ya zama na Faransa a 1791, fadar kuwa ta koma barikin soja har 1906.

Da la'asar muka hau tsohuwar gadar Benezet, wadda aka fara a 1177. Da, bakan gini 22 ke ɗauke da ita. Ambaliya ta yi ta cin ta har aka gaji da gyara, saura 4. Muka taka har inda ta yanke a tsakiyar ruwa, muka juyo.