Flying Scotsman: Tarihin Kan Jirgi Mai Tururi da Tsadar Raya Shi

Daga cikin dubban kawunan jiragen ƙasa masu aiki da tururi da aka ƙera a Birtaniya babu wanda ya kai Flying Scotsman suna, kuma tarihinsa ya nuna cewa riƙe tsohon inji yana aiki ya fi ƙera shi wuya da tsada nesa ba kusa ba. Kan jirgi shi ne injin da ke jan taragu, kuma mai tururi yana aiki ne da kwal da ruwa, inda ake hura wuta a murhu, zafinta ya bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa tukunyar ruwa, tururin da ya taso ya tura fistin, shi kuma ya juya ƙafafun ta hanyar dogayen sandunan ƙarfe.

An kammala ƙera shi a Doncaster a 1923 bisa zanen injiniya Nigel Gresley, a kan kuɗi fam 7,944, domin kamfanin jiragen ƙasa na LNER, sannan a 1924 aka ba shi lamba 4472, aka raɗa masa sunan jirgin fasinja da a lokacin yake tashi daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Edinburgh da ƙarfe goma na safe tun 1862. A ranar 1 ga Mayu, 1928 ya yi wannan tafiya ta mil 392 ba tare da tsayawa ba, abin da ya yiwu saboda dabaru biyu: an fitar da siririn lungu a cikin taragon kwal wanda sabon direba da mai zuba kwal ke bi su karɓi aiki jirgi na tafiya, kuma injin yana kamfatar ruwa daga dogayen kwatami da aka shimfiɗa a tsakiyar layin dogo. A ranar 30 ga Nuwamba, 1934 ya zama kan jirgi mai tururi na farko da aka tabbatar a hukumance ya yi gudun mil 100 a awa ɗaya.

Da injinan dizal suka fara karɓe aiki, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallame shi a Janairun 1963 bayan ya yi tafiyar sama da mil miliyan biyu, kuma ɗan kasuwa Alan Pegler ne ya saye shi a kan fam 3,000, ya mayar da shi jan jiragen yawon buɗe ido. Rangadin da ya kai shi Amurka daga 1969 ya karya Pegler, har sai da William McAlpine ya biya basussukan ya dawo da injin gida a 1973. A Ostireliya, a 1989, injin ya yi tafiyar mil 422 daga Parkes zuwa Broken Hill babu tsayawa, amma duk da wannan bajinta, wanda ya saye shi a 1996, Tony Marchington, shi ma ɗawainiyar ta fi ƙarfinsa.

A 2004 gidan adana tarihin jiragen ƙasa na birnin York ya saye shi a kan fam miliyan 2.3, da tallafin asusun kula da kayan tarihi na ƙasa da gudummawar jama'a, kuma a 2006 aka fara gyaran da aka zaci ba zai daɗe ba. A 2011, lokacin da ake ganin an kusa gamawa, aka gano tsaga a jikin firam, wato manyan faifan ƙarfe da ke ɗauke da tukunya da silinda da ƙafafu baki ɗaya, kuma da aka zurfafa bincike sai aka tarar lalacewar ta bazu, silindar tsakiya daga cikin ukun da injin ke da su ma ta kauce daga saitinta. Rahoton da aka fitar a 2012 ya nuna cewa an raina girman aikin tun farko saboda ba a duba injin da kyau ba kafin a fara. Daga nan aka miƙa aikin ga kamfanin Riley & Son na garin Bury a 2013, inda maƙera suka yanke gaban firam ɗin, suka yi waldar sabo, suka sake daidaita silindun.

Injin ya koma kan layi daga King's Cross zuwa York a ranar 25 ga Fabrairu, 2016, da koren fenti da lambarsa ta ƙarshe, 60103, bayan an kashe kusan fam miliyan 4.2, kuma masu kallo sun yi cincirindo har wasu suka hau layin dogo, aka tsayar da jirgin na ɗan lokaci. Gyaran irin wannan inji ba ya ƙarewa, domin doka ta wajabta a riƙa buɗe tukunyar ana gwada ƙarfinta lokaci-lokaci, shi ya sa aka sake yi masa garambawul a 2022 kafin bikin cikarsa shekara 100 a 2023. Masu kuɗi uku sun riƙe shi ɗaya bayan ɗaya, biyu daga cikinsu suka durƙushe, wanda hakan ke nuna cewa nauyin irin wannan gado na al'umma ne, kuma ɗorewarsa ta dogara ga a ci gaba da horar da matasan da za su iya gyaran tukunya, da saita silinda, da hura wutar kwal yadda ya kamata.