Asalin Eriyar Talabijin da Sunan da Ya Ɓace

Ƙarafunan nan masu kama da ƙashin kifi da ake kafawa bisa dogon bututu a saman soraye sun girmi gidajen talabijin. An ƙago su ne a shekarar 1926 a Jami'ar Tohoku da ke birnin Sendai na ƙasar Japan, inda Shintaro Uda ya gudanar da yawancin gwaje-gwajen a ƙarƙashin malaminsa, Shehun Malami Hidetsugu Yagi.

Hikimar abin ita ce jera sanduna bisa ƙarfe guda. Sanda ɗaya tak ake haɗawa da wayar da ke gangarawa zuwa akwati. Ta bayanta ta ɗan fi ta tsawo, aikinta mayar da igiyoyin rediyo gaba. Gajerun da ke gabanta kuwa su ke tattaro su. Saboda haka eriyar ba ta jin kowane ɓangare daidai: sai an fuskantar da ita ga tasha, an kuma ɗaga ta sama, domin igiyoyin talabijin miƙe suke tafiya, tudu ko dogon gini na iya tare su.

Uda ya wallafa mafi yawan bincikensa cikin Japananci. A 1928 Yagi ya bayyana aikin da Turanci a wata mujallar injiniyoyi ta Amurka, kuma bai ɓoye rawar da almajirinsa ya taka ba. Duk da haka duniya ta riƙe sunan wanda ta karanta, ta mance da wanda ba ta iya karantawa ba. Turawa suka rungumi fasahar, mutanen gida suka yi sakaci da ita, har ya zamana da sojojin Japan suka ci Singafo a 1942, suka tarar da kalmar Yagi cikin takardun na'urar hangen jirage ta Ingilishi, ba su gane sunan ɗan ƙasarsu ba ne.

Da aka buɗe gidan talabijin na Ibadan a 1959, na Kaduna kuma a 1962, wannan eriya ce ta kai hoto gidajen da ke nesa da tasha. Masana a yau suna kiranta Yagi-Uda, don mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Abin lura shi ne, ilimin da aka rubuta da harshen gida yana bukatar abu biyu: mutanen gida su karanta shi, a kuma fassara shi da sunan mai shi.