Faifan Zinare da Takardun da Suka Ɓata



Duk lokacin da gardama ta kaure a tsakaninmu kan wane fim ne waƙoƙinsa suka fi kasuwa a tarihi, abin da muka saba yi shi ne mu garzaya mu ɗauko jerin lambobin zinare da na filatinam da ake ba fayafayai a Amurka. Wanda ya kawo adadi mafi girma, shi ya ci gardama. Yau muna so mu bi diddigin wannan lamba, mu ga inda ta samo asali da abin da take aunawa, domin akwai tsofaffin fayafayan finafinai da duniya ta shaida sun yi kasuwa ta fitar hankali, amma idan muka duba jerin sai mu tarar da su can ƙasa.

Tun farko ma da waƙar fim aka soma. A watan Fabrairun 1942 kamfanin RCA Victor ya shafa wa wani faifai ruwan zinare ya miƙa wa makaɗi Glenn Miller, saboda waƙarsa Chattanooga Choo Choo, wadda ta fito a fim ɗin Sun Valley Serenade, ta sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya. Kyauta ce ta kamfani ga yaronsa, kuma talla ce. Sauran kamfanoni suka ɗauki salon, kowa na raba zinare yadda ya ga dama, babu mai tambayar hujja. Da abin ya yi yawa, sai ƙungiyar kamfanonin fayafayai ta Amurka, wato RIAA, wadda aka kafa a 1952, ta shigo da tsari a 1958. Daga lokacin, duk kamfanin da ke son zinarenta sai ya buɗe littattafansa masu binciken kuɗi sun duba. Kundin waƙoƙi na farko da ya samu wannan shaida, a watan Yulin 1958, shi ma na fim ne, Oklahoma!, wanda kamfanin Capitol ya fitar.

Akwai abubuwa uku a cikin tsarin da ya kamata mu riƙe, don su ne tushen duk matsalar.

Na farko, ba a ba da lambar haka kawai. Kamfani ne zai nema, ya biya kuɗin bincike, ya kawo takardu. Idan bai nema ba, ko da faifan ya shiga kowane gida a ƙasar, babu lamba.

Na biyu, abin da ake ƙirgawa a wancan zamani shi ne kayan da suka fita daga sito zuwa hannun dillalai da masu kantuna, bayan an cire waɗanda aka dawo da su. Babu wanda ke tsaye a bakin kanti yana lissafa masu saye. Hujjar ita ce takardar fitar da kaya, da rasit, da littafin akawu.

Na uku, zinaren farko da kuɗi ake auna shi. Kundi zai samu zinare idan cinikinsa ya kai dala miliyan ɗaya a farashin sari. Sai a 1975 aka ƙara sharaɗin kwafi 500,000. Filatinam na kwafi miliyan ɗaya ya zo a 1976, filatinam mai ninki a 1984, lu'ulu'u na kwafi miliyan goma kuma a 1999. Ke nan daga 1958 har zuwa 1976, zinare shi ne rufin ɗaki. Kundin da ya tsallake da ƙyar da wanda ya ninka sharaɗin sau goma, lamba ɗaya suke ratayewa a bango. Da filatinam ya zo ma, sababbin fayafayai kawai aka buɗe wa ƙofa. Waɗanda suka fito kafin 1976 sai da suka jira har tsakiyar shekarun 1980 kafin a yarda su nema.

To su wa wannan ya fi shafa? Finafinan waƙa na shekarun 1950 da 1960, waɗanda su ne sarakunan kasuwar faifai kafin zuwan manyan mawaƙan zamani. Mu ɗauki South Pacific, wanda RCA Victor ya fitar a 1958. Ya yi makonni 31 a saman jadawalin Billboard a Amurka. A Birtaniya kuwa ya yi makonni 115 a matsayi na ɗaya, har ya cinye shekarar 1959 gaba ɗaya babu wanda ya ture shi. Amma ƙungiyar BPI ta Birtaniya ba ta fara ba da shaidar ciniki ba sai 1973, lokacin da guguwarsa ta daɗe da wucewa.

Labarin The Sound of Music ya fi ban mamaki. RCA Victor ya fitar da kundin a watan Maris na 1965, kuma a shekarar ya samu zinare. Ya yi makonni 109 a cikin goman farko na jadawalin Billboard. A Birtaniya ya yi makonni 70 a matsayi na ɗaya, kuma shi ne kundin da ya fi ciniki a 1965 da 1966 da 1968, a daidai lokacin da Beatles ke kan ganiyarsu. A 2015, da mujallar Billboard ta jera kundayen da suka fi ƙarfi a tarihin jadawalinta, shi ya zo na biyu, bayan kundin Adele mai suna 21. Duk da haka ya shafe shekaru gommai a littafin RIAA da zinarensa na 1965 kawai, kamar dai bai ƙara sayar da kwafi ko ɗaya ba tun daga shekarar.

Mu kwatanta shi da West Side Story, na kamfanin Columbia, wanda ya fito a 1961 ya yi makonni 54 a matsayi na ɗaya. Da aka buɗe wa tsofaffi ƙofa, Columbia ya kai takardunsa, kundin ya samu filatinam ninki uku a 1986. Wanda bai san tarihi ba, idan ya ga ninki uku a nan da zinare ɗaya a can, zai yanke cewa West Side Story ya ninka The Sound of Music sau shida. Abin da lambobin biyu suka tabbatar shi ne cewa wani kamfani ya kai takardu, wani bai kai ba.

Me ke sa takardu su gagara samuwa? Mu tuna yadda ake aiki a lokacin. Babu kwamfuta a teburin kowane akawu. Ana buga faifai a masana'antu daban-daban, ana tura shi ta hannun dillalan yankuna, wasu kwafin kuma suna bi ta ƙungiyoyin da ke aika wa mambobinsu faifai ta gidan waya. Kundi ɗaya yakan fito da lambobin kaya iri-iri: na faifai mai murya guda, na sitiriyo, na kaset, daga baya na CD, kowanne da nasa shafi a littafi. Doka ba ta tilasta wa ɗan kasuwa ajiye rasit har abada, wurin ajiya kuma kuɗi yake ci. Ga kuma canjin hannu. Kamfanin RCA ya koma hannun General Electric a 1986, sashen fayafayansa ya koma hannun Bertelsmann na Jamus, a 2004 aka haɗe shi da Sony, a 2008 kuma Sony ya mallake shi gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa tashi daga shago zuwa shago ya san yadda kwalayen tsofaffin takardu ke ƙarewa. Mai binciken kuɗi kuwa ba ya karɓar "an ce". Shekarar da babu takardarta, sifiri ce a wurinsa.

Ana iya tono abin da ya rage, idan akwai mai son a tono. Misalinsa Elvis Presley. Kundin fim ɗinsa Blue Hawaii ya fito a 1961, ya yi makonni 20 a matsayi na ɗaya, ya samu zinare, sannan ya zauna a haka shekara talatin. A 1992, shekara 15 bayan rasuwarsa, kamfanin ya bi tsofaffin fayiloli ya kai wa RIAA, aka miƙa lambobi 110 a lokaci guda a gidansa na Graceland. Blue Hawaii ya haura zuwa filatinam mai ninki, a 2002 kuma ya kai ninki uku. Waɗannan kwafin ba a 1992 aka sayar da su ba, takardarsu ce ta fito a lokacin. Elvis yana da magada da ke cin moriyar sunansa, da masoya masu matsa lamba. Kundin fim kuwa sau da yawa maraya ne mai iyaye da yawa: kamfanin fim na da kaso, kamfanin faifai na da kaso, marubutan waƙa da magadansu na da kaso, 'yan wasan da suka rera kuma kowa ya kama gabansa. Kayan taron dangi, kowa na jiran wani ya biya kuɗin bincike.

Akwai kuma waɗanda da gangan suka ƙi buɗe littafi. Kamfanin Motown na Berry Gordy bai bar RIAA ta leƙa lissafinsa ba sai ƙarshen shekarun 1970. Kundin fim ɗin Lady Sings the Blues na Diana Ross, wanda ya hau matsayi na ɗaya a 1973, ya fito ne a cikin wannan lokaci na rufaffen littafi. Buɗe littafi ga baƙo yana nufin adadin gaskiya ya fita, kuma a kan wannan adadin ake lissafa kason mawaƙi. A nan ne maganar ta wuce ado na bango. Takardar fitar da kaya ita ce hujjar da mawaƙi ko magadansa za su riƙe su ce ga haƙƙinmu. Idan ta ɓata, haƙƙin ya zama zancen baki.

Kada kuma mu ɗauka cewa kuskuren koyaushe ragi ne. Tunda abin da ya fita daga sito ake ƙirgawa, kamfani na iya cika kantuna da kaya ya karɓi lamba kafin masu saye su ce uffan. Kamfanin RSO ya ci riba mai yawa da Saturday Night Fever na 1977, wanda ya yi makonni 24 a matsayi na ɗaya, da kuma Grease na 1978. Da zafin wannan nasara ya tura kundin fim ɗin Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band kasuwa da yawan gaske a 1978. Ya samu filatinam, fim ɗin ya faɗi warwas, kwantai ya dawo sito tuli-tuli, har abin ya zama abin ba'a a masana'antar. Bayan irin wannan ne RIAA ta sa lokacin jira kafin a nemi lamba, don a ga abin da zai dawo.

Lamarin ya canja a 1991, da Billboard ta fara amfani da SoundScan, na'urar da ke ƙirga faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa a kanti. Kundin The Bodyguard na Whitney Houston ya fito a 1992, ya zama na farko da na'urar ta shaida ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a mako guda, a 2017 kuma ya kai filatinam ninki 18. Ba mu rage masa komai ba, ya cancanta. Amma an haife shi a zamanin da ake ƙirga kowane kwafi, kuma tun 2016 har sauraro ta intanet ana sa masa a ma'auni, sauraro 1,500 a matsayin kundi ɗaya. A Birtaniya ma, tun 2013 BPI ke ba da lamba kai tsaye ba sai an nema ba, sai dai lissafin da take dogara da shi daga 1994 ya fara. Jera irin waɗannan kundaye da na 1958 a tebur ɗaya tamkar auna hatsin bana da sikeli ne, na bara kuma da abin da masu gona suka tuna.

Mu da muka taso da finafinan Indiya mun san wani fannin wannan labari. Ana yawan cewa kaset ɗin Aashiqui, wanda T-Series ya fitar a 1990, ya sayar da kwafi miliyan 20. Kowa ya shaida kasuwarsa, amma a zamanin kaset kwafin jabu ya cika kasuwa, kuma mai jabu ba ya ajiye rasit. Haka nan a gida. Duk wanda ya yi wayo a lokacin Sangaya, a 1999, ya san yadda waƙarsa ta cika gidajen biki da motocin haya, kuma ya san hada-hadar kaset a Bata da Ƙofar Wambai a Kano. Idan ana son adadin da zai tsaya a gaban mai bincike, sai a koma ga littattafan 'yan kasuwar da suka raba kayan da na masu buga bangon kaset, tunda da yawan bango ake lissafin kwafi a lokacin. Waɗannan littattafai, inda suka rage, suna cikin akwatuna a shaguna da gidaje, gara da damina na aiki a kansu.

Saboda haka idan gardama ta sake tashi wani ya ɗauko jerin lambobi, mu tambaye shi shekarar da aka ba da lambar, da sharaɗin da ake aiki da shi a shekarar, da kuma wanda ya nema. Lambar tana gaya mana mafi ƙarancin abin da aka iya tabbatarwa da takarda a ranar da aka duba. Ga tsofaffin fayafayai, yawan makonnin da suka yi a jadawali ya fi ta kusa da gaskiya, domin shi an rubuta shi mako-mako a lokacin da abin ke faruwa, kuma an buga shi a mujalla inda ba ya ɓata da ɓatan kwali ɗaya.

Masu iyaye ko yayye da suka yi sana'ar kaset, don Allah ku leƙa akwatunansu. Idan kun samu littafin ciniki ko rasit, ku ɗauki hotonsa shafi-shafi ku adana, ku kuma tambayi masu shi ma'anar abin da suka rubuta tun suna raye.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu kwana nan.