Daga zabirar wanzami zuwa Istanbul: wa za ka ba kanka?

1/ Yayana ya tara kuɗi zai tafi Turkiyya dashen gashi kafin bikinsa. Wani talla ya gani a Instagram: hotal, mota daga filin jirgi, gashi dubu huɗu, duk a farashi ɗaya. Na tambaye shi sunan likitan da zai yi aikin, ya ce bai sani ba. Wannan ya sa na shiga bincike. Zare 🧵

2/ Mu fara daga gida. A gidanmu nan Unguwar Sanusi muna da wanzaminmu tun zamanin kakanmu. Mahaifinsa ya yi wa Baba askin suna, shi kuma ya yi mana namu da kaciya. Duk haihuwa sai ka gan shi da sassafe rataye da zabira, ranar suna kuma yana da kasonsa na nama.

3/ Matasa da yawa sun ɗauka wanzami mai aski ne kawai. A'a. A ƙasar Hausa shi ne likitan tiyata na da. Shi ke ƙaho, kaciya, cire beli, sakiyar maruru, tsagar gado. Sana'a ce ta gado, kuma tana da shugabanta a masarauta, Sarkin Aska, wanda ake kai wa ƙara in wani ya yi ɓarna.

4/ To ya iyayenmu suke zaɓen wanzami? Ba talla. Kun san gidansu, kun san wanda ya koya masa, kun ga aikinsa a kan mutanen unguwa. In ya yi kuskure, gobe za ku haɗu a masallaci. Ba shi da inda zai gudu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Ba wai komai na da daidai ne ba fa. Cire beli ya jawo wa jarirai zubar jini da cutar sandarewar wuya, aska ɗaya a kan mutum goma kuma hanya ce ta yaɗa ciwon hanta. Amana akwai, ilimin ƙwayoyin cuta ne babu.

6/ Turawa ma haka suka taso. A 1540 Sarkin Ingila Henry na Takwas ya haɗa masu aski da masu tiyata na Landan a ƙungiya ɗaya. Sai 1745 suka rabu, a 1800 kuma aka kafa kwalejin likitocin tiyata ta sarauta. Sandar nan mai ja da fari ta ƙofar shagon aski, jini da bandeji take nufi.

7/ Dashen gashi kansa ya tsufa. A 1822, wani ɗalibin likitanci a Würzburg ta Jamus, Johann Dieffenbach, ya rubuta kundinsa kan gwajin dasa gashi da gashin tsuntsu. Ɗalibi kamar mu ne fa. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen tiyatar gyaran fuska.

8/ A 1939 likita Shoji Okuda na Japan ya wallafa yadda yake ciro ƴan guntayen fata masu gashi da wani ƙarfe mai zagayayyen baki, ya dasa a kan tabon ƙuna da gira. A 1943 Hajime Tamura ya ƙara ƙanƙanta su. Yaƙin Duniya na Biyu da shingen harshe suka binne aikinsu shekaru.

9/ Wanda ya kawo shi kan sanƙo shi ne Norman Orentreich, likitan fata a New York. Ya yi aikin farko a 1952, ya wallafa a 1959. Abin da ya gano: gashin ƙeya da gefen kai, ko ina ka kai shi, halinsa na asali yake riƙewa. Ba ya zubewa kamar na gaban goshi.

10/ Dalili? Sanƙon gado daga sinadarin jiki ne da ake kira DHT, wanda ke motsar da saiwar gashin gaba da tsakar kai har ta daina fitarwa. Saiwar ƙeya galibi ba ta jin sa. Don haka dashe ba ƙirƙirar sabon gashi ba ne, ƙaura ce. Daga rumbu ake ɗiba, rumbun kuma yana da iyaka.

11/ Daga nan kasuwa ta buɗe, ɓarna ta biyo baya. A shekarun 1960 zuwa 1980 ana dasa guntaye masu faɗin milimita 4, sai kai ya fito kamar na ƴartsana, tsibi-tsibi. Wasu kuma suka riƙa cusa wa mutane gashin roba, fata ta ruɓe, har hukumar FDA ta Amurka ta haramta shi a 1983.

12/ Gyara ya zo a shekarun 1990. Likitoci irin su Bobby Limmer suka fara raba gashi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, yadda Allah Ya halicce shi, ɗaya zuwa huɗu a rami guda. Wannan ita ce FUT: a yanko zirin fata a ƙeya, a ɗinke, a rarraba. Tana barin tabo dogo.

13/ A 2002 William Rassman da Robert Bernstein suka wallafa hanyar FUE, wadda ake ciro saiwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da yanka ziri ba. A 2011 Wayne Rooney ya fito a Twitter ya ce ya yi dashe. Daga nan kunya ta ragu, Istanbul kuma ta zama babbar kasuwar abin saboda sauƙin farashi.

14/ Turkiyya na da ƙwararrun likitoci, wannan ba gardama. Matsalar ita ce wuraren da likita zai leƙo ya zana layi a goshinka ya fita, sauran aikin duka ma'aikatan da ba likitoci ba su yi. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, da aka kafa a 1993, ta daɗe tana gargaɗi a kan haka.

15/ Ga wanda ya shafe mu kai tsaye. Gashinmu a lanƙwashe yake har cikin fata. Wanda ya saba da miƙaƙƙen gashin Bature zai iya datse saiwar rabi wajen cirowa, ta mutu. Ka yi asarar ta ƙeya, ba ka samu ta goshi ba.

16/ Na biyu, tabo mai tudu, wato keloyid, ya fi yawa a baƙar fata. Duk wanda ya taɓa ganin ƙurajen nan na ƙeya da ke haɗewa su yi tauri bayan aski ya san me nake nufi. Mai irin wannan jiki, sai likitan fata ya duba shi tukuna kafin a yi maganar aska.

17/ A nan gida kuwa, tun 1963 akwai hukuma mai rajistar likitoci, wadda yanzu ake kira MDCN, kuma lasisin aiki duk shekara ake sabunta shi. Asibitin Barau Dikko da ke nan Kaduna sunan likita na farko ɗan Arewa ya ci. Daga Sarkin Aska zuwa lasisi, manufar ɗaya ce: a san wanda za a kama in an yi ɓarna.

18/ To ga tambayoyin da na rubuta wa Yaya, kuma duk na kakanninmu ne a sabon kaya:
– Waye kai? Cikakken suna da lambar rajista.
– Wa ya koya maka, a ina?
– Da hannunka za ka ciro ka tsaga, ko wani ne?
– Mutum nawa kake yi a rana?

19/ – Nuna min aikinka a kan masu gashi irin nawa, bayan shekara ɗaya, har da hoton ƙeya.
– In zubar ta ci gaba, me ya rage min a rumbu?
– In wurin ya kumbura bayan na dawo Kaduna, wa zan kira?
Wanda ya fusata da waɗannan, ka gane. Wanzami ba ya son jarfa.

20/ Kuma ba kowane sanƙo ke buƙatar aska ba. Akwai minoxidil na shafawa da Amurka ta amince da shi a 1988, da finasteride a 1997, amma sai da shawarar likita don suna da illarsu. Ƴan mata, kitso mai ɗaurin tsiya na cinye gashin gaba. In an sassauta da wuri yakan dawo.

21/ Yaya ya tura musu tambayoyin ta WhatsApp. Amsar da ta dawo: in ya biya kafin Juma'a za a yi masa ragi. Sunan likita shiru. Umma da ta ji ta ce, "Kai da ko ɗinkin Sallah ba ka ba telan da ba ka sani ba, shi ne za ka miƙa kanka?"

22/ Yanzu dai ya dakata, ya karɓi kati zai ga likitan fata a nan gida a duba irin sanƙonsa. Ko zai yi dashen ko ba zai yi ba, shi ya sani, kansa ne. Amma araha ba ta ado, kuma saiwar da aka cire daga ƙeya ba ta sake tsirowa.

23/ Wanda ya taɓa yin dashe, a gida ko a waje, don Allah ya ba mu labari a ƙasa, musamman yadda ƙeya ta kasance bayan shekara. Ku tura wa abokin nan naku da ya daina cire hula ko a ɗaki 😅