Mai ɗuri a tsaye da mai ɗuri a kwance

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar toka ya san aikin: a zuba albarushi ta baki, a saka harsashi, a danna da sandar ƙarfe. Hakan ba ya yiwuwa cikin sauƙi sai mutum yana tsaye. Da irin wannan ɗurin sojojin Turai suka yi ƙarnuka suna yaƙi, kuma a haka rundunar Austriya ta fuskanci ta Furusiya a Königgrätz ranar 3 ga Yuli, 1866.

Bindigar Austriya, wato Lorenz, ta fi cin dogon zango kuma ta fi saiti daga nesa. Ta Furusiya, wadda Johann Nikolaus von Dreyse ya ƙera, tana da lahani sananne: hayaƙi na tsiyaya ta gindinta zuwa fuskar mai harbi, allurar da ke huda kunshin takarda ta tayar da wuta kuma takan karye. Sai dai ta gindi ake ɗura ta, harsashi da albarushi a ƙunshi guda. Saboda haka sojan Furusiya kan yi harbi sau da dama kafin abokin gabarsa ya gama ɗuri ɗaya, kuma yana iya yin haka a kwance ko a bayan mafaka.

Austriya ta ƙara wa kanta rauni da dabarar da ta zaɓa. Bayan Faransa ta ci ta da yaƙi a 1859, hafsoshinta sun ɗauki darasin cewa nasara tana ga kai farmaki da banati cikin cunkoson sahu. Wannan ya sa suka riƙa tura mayaƙa a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, cikin ruwan harsashin mutanen da da ƙyar ake hango su. Austriya ta rasa sama da mutum 40,000 tsakanin matattu, raunata da kamammu. Asarar Furusiya ba ta kai 10,000 ba.

Yarjejeniyar Prague ta watan Agusta ta cire hannun Austriya daga harkokin Jamus, abin da ya share fagen haɗewar ƙasar a 1871. A shekarar 1866 ɗin Faransa ta karɓi bindigar Chassepot, Ingila kuma ta fara sauya tsofaffin bindigoginta na Enfield su koma ɗurin gindi bisa tsarin Snider.