Kwarin Gwandu Da Maƙwabtansa

'Yan'uwana mata, ranar da motarmu ta baro Tambuwal ta gangara Gwandu, sai na ga gari kwance cikin kwari, tuddai sun kewaye shi. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauka da jama'arsa a 1805. A shekarar nan aka yi yaƙin Alwasa, jama'ar Shehu suka sha wuya, abokan gaba suka biyo su har Gwandu, Allah Ya sa aka kore su. To, ina mata da yara a ranar? Suna cikin kwarin nan! Nana Asma'u ma tana yarinya, shekarunta wajen 12.

Daga baya Shehu ya koma Sifawa, ƙanensa Abdullahi ya riƙe Gwandu, ɗansa Buhari kuwa ya zauna Tambuwal, ta zama ribaɗi.

A 1991 Gwandu ta faɗa Jihar Kebbi, mu da Kebbe muka tsaya Sakkwato. Amma zumunta a ƙafa take. Ke uwa, ki kai ɗiyanki su gani, ki ba su labari.